NA'URA TA SAN INDA KA KALLA, BA TA SAN ME KA NUFA BA



Jiya bayan sallar Isha'i wani matashi cikin masu bin mu salla ya nuna min wani abu a wayarsa. Ya ce in bi wani ɗigo da ido yana yawo a fuskar wayar. Da aka gama, duk inda na kalla sai alama ta sauka a wurin, ban taɓa komai ba. Kamfanin Apple ne ya saka wannan a iPhone a 2024 saboda masu lalurar da ba sa iya motsa hannu.

Abin ba tsafi ba ne. Na'urorin da aka ƙera don wannan aiki, irin na kamfanin Tobii na ƙasar Suwidin, suna haska ido da wani haske da mutum ba ya gani, kyamara ta auna tazarar da ke tsakanin ƙwayar ido da walƙiyar hasken, kwamfuta ta ƙiyasta inda kallo ya faɗa. Da shi wanda jikinsa ya shanye yake rubutu. Da shi kuma masu talla suke gano abin da ya fi riƙe idon mutane.

Yaron ya ce: "Malam, ashe yanzu za a iya kama wanda ba ya runtse ido?"

Na kwana ina juya tambayar. Amsata ita ce a'a.

Na farko, shari'a ta bambanta kallo da kallo. Jarir bin Abdillah (RA) ya tambayi Annabi (SAW) game da kallon ba-zata, sai ya umarce shi ya kawar da idonsa, bai ɗora masa laifi ba, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Likita ya kalla, mai neman aure ya kalla, fasiƙi ma ya kalla. A wurin kyamara duk ɗaya ne, a wurin Allah kuwa sam. Wani masani ɗan Rasha, Alfred Yarbus, ya nuna cewa hoto ɗaya ne, amma in ka canza tambayar da ka yi wa mai kallo, hanyar da idonsa ke bi ta canza. Ka ga ido ɗan aike ne, zuciya ce ke tura shi. Na'ura ɗan aiken take gani.

Na biyu, Allah Ya hana bin diddigin asirin mutane a Suratul Hujurat aya ta 12. An shar'anta neman izini kafin shiga gida ne saboda ido. To in leƙa ɗakin mutum haramun ne, yaya leƙa idonsa ba da yardarsa ba? Don haka amfani da ita wajen taimakon mara lafiya alheri ne, tattara kallon mutane a ɓoye kuwa cin amana ne.

Amma abin da ya fi damuna ni kaina ne. Wallahi da wayar nan ke hannuna sai na ji ina kiyaye inda nake kallo, don na san ana gani. Alhali tun ina yaro na haddace aya ta 19 a Suratu Gafir, wadda ta sanar da mu cewa satar kallo da abin da ƙirji ya ɓoye ba sa kuɓuce wa Allah. Me ya sa gilashi ya fi ayar saurin gyara ni?

Ɗan uwa, daren yau in ka kaɗaita da wayarka, ka yi wa kanka wannan tambayar.

Allah Ya tsare mana idanunmu da zukatanmu. Wallahu a'alam.