Iyakar Haƙƙin Mai Bin Bashi

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma da yake haka al'amarin yake, ya wajaba ga mai hankali ya tsaya ya tambaya: shin wanda ya ba da rance dukiyarsa kaɗai yake bi, ko kuwa har mutuncin ɗan'uwansa ya zama jingina a hannunsa?

Malaman Malikiyya, waɗanda alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna hukunci da littattafansu, kamar Muhtasar na Halil da Tuhfa ta Ibnu Asim, ba su yi wa masu cin bashi kuɗin goro ba. Mawadacin da yake da abin biya, amma yau ya ce gobe, gobe ya ce jibi, azzalumi ne bisa hadisi ingantacce, kuma alƙali yana da ikon tsare shi har ya biya. Wanda kuwa rashinsa ya tabbata da shaidu, to, aya ta 280 a Suratul Baƙara ta wajabta a saurara masa har Allah Ya hore. Ba a ɗaure shi, ba a tilasta masa ƙodago, kuma ko da an yanke masa hukuncin taflisi, aka sayar da kayansa aka raba wa masu binsa gwargwadon haƙƙin kowa, lalle ne a bar masa suturarsa da abin da zai ciyar da iyalinsa. Kai, ko shi mawadacin, da aka ce jinkirinsa ya halatta irlinsa, abin da malamai suka fahimta shi ne a kai ƙararsa, a bayyana cewa ya hana haƙƙi, ba a ƙaga masa abin da bai yi ba.

To, ina wannan ina abin da wasu kamfanonin rance ta wayar salula suke yi a yau, waɗanda saboda 'yan dubbai sukan aika wa surukan mutum da abokan sana'arsa saƙon cewa ɓarawo ne? Hukumar kare haƙƙin masu saye, wato FCCPC, ta kai wa wasunsu samame a Legas a 2022, kuma dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta haramta kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai, ko da yake har yanzu caji ofis bai rabu da masu kai ƙarar bashi ba. A ganina, wanda ya karɓi kuɗinsa ta hanyar tozarci ya ɗauko wa kansa wani bashin da naira ba ta biyansa.

Sai dai kada wanda ake bi ya fake da wannan rangwame, domin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya taɓa ƙin sallatar gawar wani mai bashi, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya.