Wahala Domin Ɗan'uwa

A shekarar 1977 ciwon daji ya sa aka yanke wa Terry Fox, wani saurayi ɗan Kanada, ƙafarsa ta dama. A 1980 ya ɗaura ƙafar roba, ya yi gudun kilomita 5,373 cikin kwana 143, yana tara kuɗin binciken maganin cutar. Ciwon ya kama huhunsa, ya rasu a 1981 yana da shekara 22. Har yau ana gudu da sunansa kowace shekara.

Mu da Allah ya ba lafiya fa? Siman Bakurane ya ɗauki gicciyen Ubangijinmu. Bari mu ma mu taka zuwa gadon majinyaci, mu buɗe hannu domin maganinsa. Ubangiji ya ƙarfafa mu. Amin.