Ya Ƙi Ne, Ko Ya Kasa?



Daga cikin garin Kazaure har ƙauyukan Roni da Gwiwa da Babura, da wuya ka shiga unguwa ba ka tarar da yaron da aka laƙaba wa "mara ji" ba. Wani ya kai shekara huɗu bai haɗa kalma biyu ba. Wani ba ya iya zaman minti biyar a gaban allo, sai ya miƙe. Wata yarinyar shekararta goma tana fitsarin kwance, kullum da safe sai an dake ta. Tambayata gare mu iyaye da malamai: ya halatta mu hukunta yaro a kan abin da ba mu tabbatar ba ko ƙi ya yi ko kasawa ya yi?

Malaman usulu suna da ƙa'ida, ba a yanke wa abu hukunci sai an fahimci haƙiƙaninsa. Baligi mai hankali ma Allah bai ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa ba, haka ƙarshen Suratul Baƙara ya nuna. Yaro kuwa, hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya sa shi cikin mutum uku da aka ɗauke wa alƙalami, har ya balaga. To Wanda Ya halicce shi bai rubuta masa zunubi ba, kai kuma ka yanke masa hukunci da dorina tun ba ka bincika ba.

Za a ce, Malam, tarbiyya fa? Tana nan, kuma wajibi ce. Amma Muhammad ɗan Sahnun, babban malamin Malikiyya na Ƙairawan wanda ya rasu shekara ta 256 bayan Hijira, a littafinsa Adabul Mu'allimin ya taƙaita wa malami bulala uku, sai da izinin uba zai wuce haka. Ibn Khaldun a Muƙaddima ya yi bayanin cewa tsanani yana koya wa yaro ƙarya da yaudara, saboda tsoron hannu. Su fa suna magana ne a kan yaro lafiyayye, mai iyawa. Ina ga wanda sanƙarau ya toshe wa kunne yana jariri, kai kana kiransa ba ya juyowa, ka ce raini ne?

Sababan irin wannan ba ɓoyayyu ba ne a wajenmu. Doguwar naƙuda a gida har jariri ya fito bai yi kuka ba. Shawara mai tsanani a makon farko na haihuwa, wadda ke iya taɓa ƙwaƙwalwa da ji. Zazzaɓin cizon sauro da ya zo da jijjiga. Akwai ma wata irin farfaɗiya da ba ta kayar da yaro, sai dai ya ƙura ido na 'yan daƙiƙu, ya dawo bai san abin da aka faɗa ba, sau da yawa a yini. Malamin aji ya ce wasa ne, kaka ta ce mutanen ɓoye ne. Akwai galahanga, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana shafar kusan yaro ɗaya cikin 100. Wani yaron kuma jikinsa ƙalau, abin da ya gani ne ya sauya shi: mutuwar uwa, sakin da aka yi a gabansa, ko wani babba da ya taɓa shi ya kasa faɗa.

Shi wannan binciken da likitocin ƙwaƙwalwa da masana halayyar yara suke yi, ba wani abin tsoro ba ne. Tambayoyi ne, mafi yawa ga uwa. Yaya cikin ya kasance, yaya haihuwar, yaushe ya zauna, yaushe ya yi tafiya, yaushe ya fara magana. Su duba kunne da ido, su ba shi abin wasa su zura masa ido, su nemi jin ta bakin malaminsa. Maganin ma sau da yawa ba ƙwaya ba ce. Iyayen ake koya wa yadda za su ba da umarni ɗaya a lokaci ɗaya, su tsara wa yaro yininsa, su yaba masa nan take idan ya yi daidai. Ni dai ban ga inda wannan ya saɓa wa sunnar wanda Anas ya yi wa hidima shekara goma bai taɓa yi masa tsawa ba, Sallallahu alaihi wa sallam. Kuma ba na Turawa kaɗai ba ne. Abu Zaid Al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 miladiyya, ya rubuta Masalihul Abdan wal Anfus, inda ya jera tsoro da fushi da baƙin ciki da waswasi a matsayin cututtukan rai da ake yi wa magani.

Na san abin da ke hana mu, kuma ba na raina shi. A nan Kazaure muke da asibitin ƙwaƙwalwa na Jihar Jigawa, amma uba yana tsoron a gan shi a ƙofarsa a ce gidansu akwai hauka, gobe a fasa neman auren 'yarsa. Wannan tsoron gaskiya ne, laifinsa kuma yana wuyan masu tsegumin. Sai dai mu duba inda ɓoyewar take kai mu. A Satumbar 2019 'yan sanda sun fitar da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna. A watan Oktoba aka fitar da 67 a Daura, maƙwabciyarmu, wasu da sarƙa a ƙafa, cikinsu har da yara. Da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, da niyyar gyara. An ji kunyar asibiti, ba a ji kunyar mari ba.

Ruƙya ta shari'a gaskiya ce, ni ma ina yi. Ku tofa wa 'ya'yanku Falaƙi da Nasi safe da yamma. Amma ɗan'uwa mai ruƙya, idan an kawo maka yaro wata uku babu sauyi, amana ita ce ka ce a kai shi a duba kunnensa, a duba ƙwaƙwalwarsa. Wanda kuwa yake dukan yaro ɗan shekara shida wai aljani yake duka, ya sani fatar yaron ce take fashewa.

Uba, kar ka tura uwar ita kaɗai, kar kuma ka bari dangi su ce ita ta jawo. Ku fara da asibitin da ya fi kusa da ku, ku nemi a tura ku gaba, Kazaure ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kafin ku tafi ku rubuta abin da kuka lura da shi na mako biyu: yaushe abin yake tashi, me ya faru kafin nan, me yake kwantar da shi. Idan jijjiga ce ko ƙura ido, ku ɗauka a waya ku nuna wa likita.

Wallahu a'alam.