Wa Ke da Hanjin Kifi?

Wata ranar Asabar da hantsi muka tsaya a wurin wata mai sayar da kifi a gefen babbar kasuwar Suleja, muka zaɓi tarwaɗa uku masu rai daga cikin baho. Bayan an yi ciniki sai ta tambaye mu ko a gyara, muka ce a gyara. Nan da nan ta buge musu kai, ta goge yauƙin jikinsu da gishiri, ta tsaga ciki, ta zaro hanji da matsarmama ta watsa cikin wani bokiti da ke ƙarƙashin teburinta. Muka karɓi namanmu fes a leda, muka yi godiya. Ba mu yi taku goma ba sai muka waiga, muka ga yarinyarta ta ɗauki bokitin nan ta juye shi a cikin kwata. Tun daga ranar wata tambaya ta tsaya mana a rai, wadda wannan ɗan rubutu zai yi ƙoƙarin dubawa: shin abin da aka juye a kwatar nan, na wane ne?

A zahiri amsar ba ta da wuya. Kifi sukutum muka saya, kuma da hanjinsa aka yi mana kuɗinsa. Ashe ke nan hanjin namu ne kamar yadda tsokar take tamu. Amma da wani zai tare mu a ranar ya ce mun zubar da ƙazanta a hanyar ruwan mutane, da mun rantse ba mu yi ba. A nan ne matsalar take. Ɗan Adam yana da wata dabara ta yanke mallakarsa daidai inda daɗi ya ƙare. Abin da ke bayan wannan iyaka sai ya sa masa suna "saura", daga nan kuma ya zama ba na kowa ba.

Bahaushe bai jahilci cewa kowane abu yana da na yarwa ba. Shi ne ya ce hanjin jimina, akwai na ci akwai na zubarwa. Sai dai karin maganar ya tsaya a kan rarrabewa, bai gaya mana inda za a zubar ba. Muna ganin dalilin shirun nasa shi ne, a zamanin da aka yi maganar, tambayar ba ta taso ba. A shekarar 1828 ne Abu Ja, ƙanen Muhammadu Makau Sarkin Zazzau, ya kafa garin da a yau ake kira Suleja a bakin kogin Iku, bayan jihadi ya fitar da gidan sarautarsu daga Zariya. A ƙaramin gari irin wannan, masunci da ya fito da ƙarfasa goma a komarsa zai gyara su a bakin ruwa, ya mayar wa kogi da hanjin, kuma bai yi laifin komai ba. Tarwaɗa da ƙurungu da kaguwa suna jira a ƙasa, shirwa tana shawagi a sama. Abin da ya kai gida kuwa, kaji da agwagi da kyanwa sun ishe shi. A kasuwa ga ungulu, wadda muka raina muka yi ta yi mata habaici a tatsuniya, alhali ita ce ma'aikaciyar tsabta da ba ta taɓa karɓar albashi ba. Kakanninmu ba su fi mu tsoron Allah a wannan fanni ba lalle. Abin da suka fi mu shi ne yawan masu kwashe musu.

Yanzu fa? A shekarar 1976 aka yanke shawarar kafa sabon babban birnin tarayya a maƙwabtaka, garin ya ba da sunansa na Abuja, ya ɗauki na Sarki Sulaimanu Barau. Da gwamnati ta tare a sabon birnin a 1991, sai Suleja da Madalla suka zama makwancin ɗimbin ma'aikata da 'yan kasuwa waɗanda kuɗin hayar Abuja ya fi ƙarfinsu. Bakunan da ke cin kifi suka ninka, kuma kifin da suke ci yawancinsa bai taɓa ganin kogin Iku ba. Wani kifin ƙanƙara ne da ya ƙetaro teku a cikin kwali, wani tarwaɗar kiwo ce daga tankunan siminti, wani kuma banda ne daga yankin Kainji da Shiroro. Wato hanjin da ake watsa wa rafin gari a yau ba daga cikinsa ya fito ba, balle a ce an mayar masa da kayansa. Ungulu ta yi ƙaranci ƙwarai, har a 2015 masana suka sa irin wadda muka saba gani a mahauta cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Sannan ga leda. Wanda ya ƙulle hanjin kifi a leda ya jefa, ya hana kaza, ya hana ƙasa, ya bar wa ƙuda da ɓera kaɗai, kuma ya ƙara wa magudanar ruwa abin toshewa a garin da ya ga ambaliya mai cin rai a daminar 2017.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da nama a cikin ruwa suna amfani da iskar da ke narke a ruwan, ita ce kuma iskar da kifi ke shaƙa. Idan ruwan yana gudu, hanjin kuma kaɗan ne, ba a jin komai. Idan rani ya yi, rafi ya tsaya ya zama kududdufai, aka kuma yi ta juye masa bokiti bayan bokiti, sai iskar ta ƙare, ruwan ya yi baƙi ya soma ɗoyi, kifin da ke ciki ya mutu. Ruwa ba ya tsami banza. Hanjin da a da yake ciyar da kifi, shi ne yanzu yake shaƙe shi.

To, a nan muka iso ga abin da ya fi ɗaure mana kai. Aikin bai sauya ba. Hannun da ya watsa hanji a kogi a zamanin Abu Ja da wanda ya watsa shi bara, motsi ɗaya suka yi, da niyya ɗaya. Amma na farko ba shi da laifi, na biyu yana da shi. Mun saba auna aiki da niyyar mai shi, kuma wannan ma'auni ne mai kyau, sai dai bai isa ba a nan. Akwai ayyukan da hukuncinsu ya rataya a kan yawan masu yin su. Kowane mai bokiti zai iya cewa da gaskiya, nawa kaɗai ba zai ɓata rafi ba. Duk sun yi gaskiya, rafi kuma ya ɓaci. Malaman fiƙihu sun koya mana cewa mushen kifi halal ne, ba ya bukatar yanka. Amma sun koya mana kuma cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce, don haka halaccin abu bai ba mutum izinin ajiye shi a ƙofar maƙwabcinsa ba. Kwata kuwa ƙofar maƙwabci ce, domin duk abin da aka zuba mata a tudu, wani da ke gangare ne zai kwana da shi.

Wani zai ce mun matsa wa baiwar Allah mai kifi. Ribarta nawa ce? Ba ta da fili, ba ta da mota, kullum tana biyan kuɗin tikiti, kuma aikin masu karɓar tikitin ne su tanadi wurin zuba shara su kwashe a kan kari. Wannan magana tana da ƙarfi, ba za mu musa ta ba. Ƙasar nan ta gwada duba-gari a zamanin Turawa, ta gwada sharar dole ta ƙarshen wata da gwamnatin soja ta kawo a 1985, kuma duk wanda ya ga waɗannan ya san bulala tana share titi na rana ɗaya ne. Alhakin hukuma yana wuyanta. Sai dai mu da muka tsaya a gaban teburin nan ba hukuma ba ne, ba kuma talakawa ba ne kamar mai kifin. Mu ne muka ce a gyara, mun kuma san ba hadiye hanjin za ta yi ba. Abin da muka saya da ɗan ƙarin kuɗin gyara shi ne kada mu gani. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski, in ji masu iya magana. Mu mun ci ladan, muka bar wa yarinya 'yar shekara goma askin.

Abin mamaki ma, kalmar "saura" kanta ba ta da tsayayyen ma'auni. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna cewa a masana'antun sarrafa kifi, abin da ake warewa bayan an cire tsoka yana iya kaiwa kashi 70 cikin ɗari. A can kai ma saura ne. Amma busassun kawunan kifin da Norway da Iceland ke lodawa a jirgi, mu ne a Nijeriya muke saye da kuɗinmu mu sa a miya. Rumawan da sun riƙa tsima hanjin kifi da gishiri su yi wani ruwan ɗanɗano mai daraja, kusan matsayin daddawa a wurinmu. 'Yar jakar iskar da ke cikin giwan ruwa, wadda masunta suka daɗe suna yarwa, a Tafkin Victoria ta zama haja mai tsada da ake kaiwa ƙasar Sin. A Brazil likitoci sun yi amfani da fatar ƙarfasa wajen rufe ƙuna. Ba muna cewa mai tebur a Suleja ta buɗe masana'anta ba ne. Amma garin da aka san shi da mayar da yumɓu abin alfahari tun zamanin Ladi Kwali bai kamata ya rasa dabarar bokitin hanji ba. Idan aka tafasa shi sosai, abinci ne ga kaji da tarwaɗar kiwo, ga kuwa masu kiwon nan suna kukan tsadar abinci. Idan aka binne shi da zurfin kamu biyu, yadda kare ba zai tono ba, cikin 'yan makonni ya zama taki, ƙayar kuma ta daɗe tana ciyar da saiwa.

Da muka koma wurin mai kifin bayan mako biyu, mun tafi da wani tsohon gwangwanin fenti. Da ta gama gyara muka ce ta zuba mana hanjin a ciki. Ta dube mu, ta dubi gwangwanin, ta ce, "Malam, lafiya? Ko magani za a haɗa?" Muka ce gindin lemo za mu kai wa. Ta yi dariya har da tafa hannu, sannan ta jawo bokitin da ke ƙarƙashin tebur ta ce tun da haka ne mu haɗa da na sauran mutane. Gwangwaninmu bai ɗauki ko rabinsa ba. Muna tafiya yarinyar ta sunkuya ta ɗauki abin da ya rage.