Gumakan Bamiyan da Mutanen da ke Gindinsu

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa, akwai wani kwari a tsakiyar ƙasar Afganistan, yamma da Kabul, ana ce masa Bamiyan. Cikin duwatsu yake, kimanin mita 2,500 sama da teku, shi ya sa sanyi ke saurin sauka. Idan kaka ta yi, dogayen itatuwan bakin rafi sai ganyensu ya koma ruwan ɗorawa, manoma na ta haƙar dankalin turawa kafin ƙanƙara ta riske su. Ƙauyukan na laka ne, tsofaffi, ga kuma kufan birnin da Jankiz Khan ya rusa a 1221. Mafi yawan mazauna wurin 'yan ƙabilar Hazara ne, Musulmi.

A jikin dutsen da ke kallon gonakin akwai manyan ramuka biyu, wayam. Nan gumakan Buda biyu suka tsaya tun ƙarni na 6 zuwa na 7, ɗaya mita 55, ɗaya mita 38, har watan Maris na 2001 da Taliban suka tarwatsa su bisa umarnin Mulla Umar.

To, wannan rusawa ibada ce ko kuwa? Kada mu yi gaggawa. Mai cewa ibada ce ba da ka yake magana ba. Annabi (SAW) ya karya gumakan da ke kewaye da Ka'aba ranar buɗe Makka, ya kuma aiki sahabbai suka rusa Lata da Uzza da Manata. Wannan babu mai musu. Sai dai a lura, waɗancan gumaka ana yi musu yanka, ana rantsuwa da su, ana roƙonsu ruwa. Na Bamiyan fa? An yi ɗaruruwan shekaru babu mai yi musu sujada. Manomi na wucewa ta gabansu da jakinsa ya tafi masallaci. Yaƙutul Hamawi ma ya siffanta su a Mu'ujamul Buldan cikin abubuwan mamakin garin. An samu sarakunan da suka yi musu lahani, amma ƙarni bayan ƙarni na malamai da alƙalai sun rayu sun mutu, gumakan na tsaye. Shin duk tauhidinsu ne ya yi rauni, sai a zamaninmu aka gane?

Shi ya sa tawagar malamai, ciki har da Shaikh Yusuf Ƙaradawi da Muftin Masar na lokacin, Nasr Farid Wasil, ta je har Kandahar tana roƙon a dakata. Ba a saurare su ba. Ni dai a fahimtata maganarsu ta fi ƙarfi. Hukunci yana bin dalilinsa ne, dalilin karya gunki kuwa shi ne bautar da ake yi masa. Kuma Alƙur'ani ya sha umartarmu da mu yi tafiya mu dubi abin da na farko suka bari. Me za ka duba idan ka share komai?

Amma abin da ya fi ci min rai ba dutsen ba ne. A watan Janairun wannan shekarar, a Yakawlang da ke cikin lardin Bamiyan ɗin, an kashe fararen hula fiye da ɗari. Duniya ba ta girgiza ba. Da aka ce za a fasa gumaka kuwa, sai ga wasiƙu da jakadu da tayin kuɗi. Su kansu Taliban sun kafa hujja da wannan, wai ana da kuɗin gyara dutse alhali yara na mutuwa da yunwa. Maganar akwai gaskiya a ciki, ko ba ka so. To amma fashewar nakiyar ta cika cikin yaro ko guda? Kuma mutanen ƙauyukan nan ne aka tilasta wa sauka da igiya a jikin dutsen suna dasa nakiyar, ransu a hannu.

Kun ga ke nan, mai kuka saboda gunki da mai fasa shi, dukkansu dutsen suke kallo. Bahazare mai kalmar shahada yana tsaye a gindi, ba wanda ya tambaye shi, alhali jininsa ya fi kowane gini alfarma a shari'a. A 2003 UNESCO ta sa kwarin cikin wuraren tarihi na duniya, ramukan na nan, ana zuwa kallonsu, shi kuma yana ƙasa yana cika buhunan dankalinsa.

Wallahu a'alam.