Wa Ya Rushe Jiragen Idora?

Ran 26 ga watan Yuli, 2001, aka shiga da katafila wani tsohon filin wasa mai suna Idora, a birnin Youngstown cikin jihar Ohayo ta ƙasar Amurka. Abin da aka zo rushewa waɗansu dogayen gine-gine biyu ne na katako, waɗanda suka yi shekara 17 a tsaye ba mai hawansu. Katakon da ya sha ruwan sama da dusar ƙanƙara shekara 17 ba ya gardama da ƙarfe. Mutanen da suka yi ƙuruciyarsu a wurin sun ji zafin abin, kuma ba wuya mutum ya ɗora laifin a kan wanda ya ba da umarnin rushewa. A ganina wannan mutum ba shi da laifi, haka ma direban katafila. Duk da haka akwai laifi cikin al'amarin, ya kamata mu nemi inda yake.

Da fari bari in bayyana ko mene ne aka rushe, gama yawancinmu ba mu taɓa ganin irinsa ba. Wani jirgin wasa ne, bari mu kira shi jirgin tudu da gangare. Akan kafa ginshiƙai na katako dubbai, a ɗaure su da juna, a shimfiɗa layin dogo a bisansu, yana hawa yana sauka yana lanƙwasa har ya komo inda ya faro. Taragun ba su da inji. Sarƙa ce take jan su a hankali zuwa kan tudun farko, wanda ya fi sauran tsayi, sa'an nan ta sake su. Daga nan nauyinsu ne kaɗai yake tafiyar da su, mutanen ciki suna ta kururuwa, rabi tsoro rabi murna. Cikin minti biyu ko uku an gama. Ɗaya daga cikin jiragen Idora sunansa Jack Rabbit, watau wani irin zomo mai dogayen kunnuwa, asalinsa tun 1910. Ɗayan kuwa Wildcat, kyanwar daji, wanda wani gwani mai suna Herbert Schmeck ya tsara wajen 1930, masana abin kuma suna lissafta shi cikin mafiya kyau a Amurka.

Ga abin da ya kamata mai karatu ya riƙe. Jirgin katako ba a gina shi sau ɗaya a huta. Layin dogonsa alluna ne da aka jera bisa juna aka buga, aka ɗora siririn ƙarfe a kai inda ƙafafun tarago suke bi. Duk lokacin da tarago ya wuce, ginin duka yakan girgiza, ya ɗan lanƙwashe, ya komo. Kusoshi sukan saki. Saboda haka kowace safiya kafin a buɗe ƙofa, kafintoci sukan bi layin da ƙafa, suna dubawa, suna ɗaurewa, suna bugawa. Lokacin sanyi kuma, sa'ad da filin yake rufe, sai a ciccire allunan da suka gaji a sa sababbi. Bayan shekaru masu yawa, da ƙyar ka sami katakon farko a jikinsa, amma jirgin yana nan, sunansa bai sake ba. Duk wanda ya zauna gidan ƙasa ya san wannan. Ba sai an kawo diga a rushe soro ba. A bar yaɓe damina uku, a bar indararo a toshe, sai ka ga aikin ya yi kansa.

An buɗe Idora a 1899. Kamfanin taragun lantarki na cikin gari ne ya kafa shi a ƙarshen layinsa, domin mutane su sami dalilin shiga tarago ranakun hutu. Youngstown gari ne na masu narka ƙarfe. A 1930 mutanensa sun kai 170,000, da yawa daga cikinsu baƙi ne daga Italiya da ƙasashen gabashin Turai, da baƙar fata da suka taso daga kudancin Amurka neman aiki. Mutumin da ya yi mako guda a gaban tanderu yakan kwashi iyalinsa ya kai su Idora. Ma'aikatu da ƙungiyoyin ma'aikata sukan kama rana guda su yi bikinsu a can, kuma daga irin waɗannan bukukuwa filin yake samun kaso mai tsoka na kuɗinsa.

Ran 19 ga Satumba, 1977, kamfanin Youngstown Sheet and Tube ya sanar zai rufe babbar ma'aikatarsa, mutum wajen 5,000 suka rasa aiki. Sauran ma'aikatun suka bi baya cikin 'yan shekaru. Shugabannin ikkilisiyoyi, Katolika da Furotesta, sun haɗa kai suka yi ƙoƙarin a sake buɗe ma'aikatar a hannun ma'aikata da jama'ar gari, abin bai yiwu ba. Haihuwar guzuma ke nan, ɗa kwance uwa kwance. Ran 26 ga Afrilu, 1984, gobara ta tashi a Idora daga wurin da ake walda, ta cinye wani sashe na Wildcat da ofishin filin da rumfuna masu yawa. Masu filin suka lallaɓa wannan shekara, har suka juya taragun Jack Rabbit suna tafiya da baya ko za su jawo 'yan kallo. A farkon Satumba aka rufe ƙofa, a watan Oktoba aka yi gwanjon kayan da za su ɗauku. Jiragen biyu aka bar su a tsaye.

A nan labarin ya shafe mu. A 1985 wata ikkilisiyar Fentikos ta garin ta sayi filin, da niyyar gina abin da ta kira Birnin Allah, wurin sujada da koyarwa da taimakon jama'a. Niyya ce mai kyau, musamman a garin da talauci ya danne. Amma ba a gina birnin ba. Bashi ya taru, filin ya fita hannun ikkilisiyar na ɗan lokaci, ya sake komowa hannunta. A 1986 wata gobara ta ci waɗansu gine-ginen. A 1993 masu kishin tarihi suka sa aka rubuta Idora cikin rajistar wuraren tarihi ta ƙasa, amma rubutu a takarda ba ya ɗaure kusa. Itatuwa suka tsiro ta tsakanin ginshiƙai. A watan Maris na 2001 babban zauren rawa ya ƙone ƙurmus, bayan wata huɗu kuma katafila ta iso.

To, a wannan rana me ya rage a yi? Gini mai tsayi, ruɓaɓɓe, a wurin da yara suke iya ƙetare shinge su hau, tarko ne. Ran yaro ɗaya ya fi dukan katakon Idora. Wanda ya ce a rushe ya yi daidai, da ni ne ma haka zan ce. Sai dai jirgin ya riga ya mutu tun kafin katafila ta zo. An kashe shi ne kaɗan kaɗan, kowace safiya da kafinta bai bi layin ba, ba wanda kuma zai iya nuna rana ɗaya ya ce ga ranar da aka yi ta'asa. Wannan shi ya sa sakaci yake da daɗin aikatawa. Mai rushewa ana ganin fuskarsa, ana ɗaukar hotonsa. Mai bari abu ya lalace yana iya rantsuwa cewa bai taɓa kome ba, kuma gaskiya ya faɗa.

Wani zai ce, ai abin wasa ne kawai, me ya haɗa ikkilisiya da gyaran lilo? Na yarda ba a kira ikkilisiya domin ta sayar da tikitin jirgin wasa ba, ban kuwa ce ya wajaba ta buɗe filin ba. Amma kalmar nan "kawai" ina jin tsoronta. Mu masu bi muna da saurin raina abin da yake sa mutane dariya, kamar dai Mahalicci ya yi mu domin aiki da makoki kaɗai. Talakan da ya kai 'yarsa Idora sau ɗaya a shekara, ta riƙe hannunsa tana ihu a kan gangaren, ba wauta ya yi ba. Wataƙila wannan ce ranar da za ta tuna da shi bayan ya mutu. Garin da aka ƙwace masa aikin yi, ya kuma ga wurin murnarsa yana ruɓewa a gabansa shekara da shekaru, an koya masa wani darasi game da darajarsa, ko da ba wanda ya yi nufin koyar da shi.

Wani kuma zai ce, mai abu yana da iko da abinsa, wanda ya biya kuɗin fili ba ya neman izinin kowa. Bisa ga shari'ar ƙasa haka ne. Amma akwai abubuwan da kan zo hannun mutum ɗauke da haƙƙin waɗansu a kansu. Wanda ya sayi gona mai rijiya wadda ƙauye yake sha tun kaka da kakanni, takarda ta ba shi rijiyar, amma kowa ya san bai kamata ya bar ta ta rufta ba. In ba zai iya yashe ta ba, sai ya nemi wanda zai iya. Cikin misalin talanti a Matiyu sura 25, bawan da aka hukunta bai saci kome ba, bai kuma ɓatar ba. Ya binne abin da aka ba shi, ya mayar da shi cif. Shi ma ya yi sa'a zinariya ko azurfa aka ba shi, gama su ba sa ruɓewa a ƙasa. Yawancin abubuwan da ake danƙa mana amana sun fi kama da katako. Yaro, aure, makaranta, lafiyar jiki, zumunci, in ka ajiye su ka ce sai ka sami sukuni, ba za ka tarar da su yadda ka bar su ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta rashin kuɗi, ba na kuwa raina ta. Gyaran jirgin da wuta ta ci ba aikin baikon ranar Lahadi ba ne a garin da mutanensa suke ƙaura. (A ƙidayar 2020 mutanen Youngstown sun komo wajen 60,000.) Masu kuka a 2001 kuma, da yawansu tun kafin gobara sun riga sun koma tuƙa mota zuwa manyan filaye na zamani kamar Cedar Point, saboda haka su ma da nasu kason. Amma rashin kuɗin gyara bai hana mutum sakin abu ga wanda zai iya ba. A Luka sura 14 an yi mana gargaɗi a kan fara hasumiya ba tare da lissafin abin da za ta ci ba. Akwai ƙanin wannan kuskure, watau riƙe filin hasumiyar shekara bayan shekara, domin sakinsa zai zama kamar mun yarda wahayinmu bai cika ba. Sau nawa mukan kira wannan bangaskiya? A ikkilisiyoyinmu ma akwai ɗakin shan magani ko ajin makaranta da mishan suka bari, iska ta ɗauke kwano biyu, ba a mayar ba, domin ana tara gudunmawar babbar majami'a da za a gina wata rana.

Kada a ce kuma jirgin katako ba ya cetuwa. A birnin San Antonio na jihar Teksas akwai wani mai suna Rocket, wanda Schmeck ɗin nan ya tsara aka gina a 1947. Filinsa ya rufe a 1980. Iyalin da suke da filin Knoebels a jihar Fensilbaniya suka saye shi. Da yake ba a sami zanen gininsa ba, sai aka rubuta lamba a kan kowane katako kafin a kwance shi, aka ɗauko da manyan motoci, aka sake haɗawa. A 1985, shekarar da aka sayi Idora, ya fara aiki a sabon wurinsa da sunan Phoenix. Jack Rabbit kuwa gobarar 1984 ba ta taɓa shi ba, lafiyarsa ƙalau ranar da aka rufe ƙofa.

Abu ɗaya ya tsira daga Idora. Akwai wani dandali mai kewayawa da dawakan katako 48 da karusai 2, wanda aka sassaƙa a 1922. 'Yan kwana-kwana sun kāre shi ranar gobara. A gwanjon 1984 wani attajirin Niyu Yok, David Walentas, da matarsa Jane suka saye shi dungum a kan dala 385,000, maimakon a rarraba dawakan ɗaya ɗaya ga masu tara kayan tarihi. Jane ta yi fiye da shekara 20 tana aikinsa, tana kankare tsohon fenti da 'yar wuƙa mai kaifi, shafi bayan shafi, har ta kai ga launin farko na kowane doki. A watan Satumba na 2011 aka buɗe shi cikin wani ɗakin gilashi a bakin kogi a Brooklyn, kusa da tsohuwar gadar nan. An sa masa sunanta. Ita ta rasu a 2020. Jikokin masu narka ƙarfe da suke son ganin dawakan da kakanninsu suka hau, sai su yi tafiyar kilomita fiye da 600 zuwa gabas, su sayi tikiti.