Ƙirƙira ko Ganowa: Matsayin Ɗan Adam a Fasahar Eriya

Malaman tauhidi sun daɗe da bambance halitta, wato samar da abu daga babu, da sarrafawa, wato sauya fasalin abin da aka tarar, kuma fasahar eriya ta sake taso da wannan mas'ala ta fuskar da magabata ba su sani ba. Eriya ƙarfe ne da ke mayar da lantarki igiyoyin rediyo, ko ya kamo su daga sarari, amma girmanta ba zaɓin maƙeri ba ne, domin tashar da ke watsa shiri a megahas 100 igiyarta tana da tsawon mita 3, don haka eriya mai sanda biyu da za ta dace da ita ba ta wuce kimanin mita ɗaya da rabi. Wannan ƙa'ida tana cikin lissafin da James Maxwell ya wallafa a 1865, wanda Heinrich Hertz ya tabbatar da gwaji a Jamus a 1887, kuma babu ɗayansu da ya kafa ta.

Mas'alar ta ƙara zurfi da zuwan tsararrun faifai, wato allunan da ake jera wa ƙananan zobba da siraran wayoyi na jan ƙarfe, kowannensu bai kai tsawon igiyar ba. A 1967 masanin Rasha Victor Veselago ya hango abin da zai karkatar da igiya zuwa sashen da ba a saba gani ba, sai a 2001 masana a Jami'ar Kalifoniya ta San Diyego suka nuna haka a zahiri. Jan ƙarfen dai shi ne na jiya, jerin da aka yi masa ne ya haifar da ɗabi'ar da ba a san wani ma'adini da ita ba.

Mai gaggawa zai ce ɗan Adam ya zama mahalicci, alhali ko waɗannan faifai ba su kauce wa lissafin Maxwell ba, kuma tun 1948 Lan Jen Chu ya nuna cewa duk eriyar da aka ƙanƙanta ƙwarai sai faɗin zangon da take kamawa ya ƙuntata. Rabon ɗan Adam shi ne tsarawa, kuma rabo ne babba, tun da yana fito da abin da ke ɓoye cikin halitta wanda ba ya bayyana sai da hankali da naci. Saboda haka injiniya ya cancanci yabo a kan hikimarsa, kuma za a tambaye shi abin da ya yi da ita, domin dokokin da yake aiki da su amana ce a hannunsa.